Sunan Ladan a Gefen Zanin Mai Rawa

Litinin, 23 ga Fabrairu, 1987, da yamma

Yau ma mun yi da Malam Tanko a kan maganar suna. Tun da masaƙa ta sallame mu na koma shagonsa na Tudun Wada, ban taɓa kayar da shi a musu ba, don shi ba ya musu. Sai ya bari ka gama kumfar bakinka, ya ce "To, Ishaku," ya ci gaba da dama fenti.

Aikinmu na bakin shago rubutun alluna ne da bayan motoci. Na ƙuryar ɗaki, bayan labule, gyaran tsofaffin fostocin silima ne. Callistus, ɗan kasuwar nan na Kakuri, ya sayi tarinsu a wani gidan silima da ya rufe. Yana kawo mana mu gyara, shi kuma ya sayar wa Mista Wilson, Baturen wata masana'anta a Kudenda, wanda ke tara su kamar yadda mata ke tara kwanuka. Ni ke manna su a kan akoko da sitacin rogo, in toshe inda gara ta ci da guntun takarda. Malam ke bi da burushi.

Ta wannan makon ta fi duka. 'Yar Indiya ce tana rawa, cibiya a waje, yoyon rufi ya cinye mata rabin fuska. Malam ya mayar mata da ido da kunci, har ni da na ga ramin da idona na kasa nuna inda yake.

Na ce, "Malam, wannan kam sai an sa suna. A masaƙa ba atamfar da ke fita ba suna a gefenta. Kuma gaskiya ce mai saye ya san an taɓa abin."

Ya ce, "Wanda ya zana ta can ƙasarsu bai sa sunansa ba, sai ni mai toshe rami? Gyaran kirki shi ne wanda ba a san an yi ba." Ya gwada launi a farcensa, ya ƙara da cewa, "Kuma ka manta ko ni wane ne a layin nan."

Ban manta ba. Shi ne ladanin masallacin layin, tun yana saurayi, kuma ya fi ji da wannan kiran salla a kan shagon da duk abin da ke cikinsa. Mutanen layin sun san abin da ake yi bayan labule, sai dai ba wanda ya taɓa ɗagawa, shi ya sa ake zaune lafiya. Amma haushi nake ji. Bature zai kwashi wannan hannu ya kai ƙasarsu, ba wanda zai san akwai wani Tanko a duniya.

Laraba, 25 ga Fabrairu, bayan la'asar

Na yi. Malam ya tafi jana'iza, ni kaɗai a shago. Na ɗauki ƙaramin burushi da fentin mai, irin na alluna wanda ruwa ba ya wankewa, na rubuta a gefen zaninta, can ƙasa tsakanin furanni, daidai inda muke sawa a masaƙa: GYARAN LADAN TANKO DA ISHAKU, T/WADA.

Na so in rubuta Tanko kawai, hannuna ya ƙi. Ya girme ni, kuma ban taɓa jin wanda ya kira shi gatsal ba. Rubutun ƙanana ne, ba wanda zai gani sai Bature da gilashinsa. Wata rana Malam zai gode mini.

Alhamis, 26 ga Fabrairu, da hantsi

Na naɗe ta kafin Malam ya iso. Callistus ya zo ya ɗauka.

Talata, 3 ga Maris, da rana

Na je Kakuri karɓo wasu fostocin, aka ce Callistus yana mashayar ƙanensa. Ina shiga na gan ta. Tana bango, sama da akwatunan giya, an kafe ta da ƙusa kamar kalanda.

Na ce, "Me wannan take yi a nan?"

Ya ce, "Oga Ishaku, Bature ya tafi hutu, sai ƙarshen wata. In bar ta cikin sito kyankyaso ya ci? Tun da na sa ta, kwastoma suna zuwa kallo. No wahala."

Na ce ya sauke ta. Ya yi dariya ya ce ko kishi nake da budurwata. Ban gaya masa dalili ba, don ya sha faɗa mini cewa suna yana karya darajar fosta, Bature ya fi son wadda ya zata ba a taɓa ba. In ya sani, da ni da aikin mun rabu. Na tsaya daga bakin ƙofa na duba, ban iya karanta rubutun ba. Na matsa kusa da kantar sayar da giya, nan kam ana karantawa sarai.

Amma wa ke zuwa mashaya don karatu. Rubutun ƙanana ne.

Alhamis, 5 ga Maris, bayan azahar

Na yi niyyar gaya wa Malam yau. Ya dawo daga masallaci ya zauna shiru, ba yadda ya saba ba. Can ya ce wasu samari sun je wa liman da magana, wai bai kamata mai zanen fuskoki ya riƙa kiran salla ba. Liman ya tambaye su ko sun gani da idonsu, suka ce a'a, ya ce to su kama bakinsu.

"Ka ga amfanin labule," in ji Malam, yana murmushi.

Na ce, "Haka ne, Malam." Na duƙufa kan sitaci, na yi ta damawa har ya tsinke.

Asabar, 7 ga Maris, da yamma

Labari ya zo daga can wajenmu, ba mai daɗi ba, wai rikici ya ɓarke tsakanin Musulmi da Kirista. Kowa da irin nasa. Matata Celina ta aika wa yayarta saƙo ta hannun direban bas, ba amsa. A unguwarmu Trikania mutane sun tsaya ƙungiya-ƙungiya a bakin ƙofofi, in baƙo ya wuce sai a yi shiru.

Litinin zan je Kakuri da fenti a aljihu. Shafawa ɗaya ce, ya wuce.

Litinin, 9 ga Maris, da rana

Na je. Mashayar a cike, ma'aikatan masaƙa sun tashi daga aikin safe, suna ta musu a kan rikicin nan. Na zauna ƙarƙashin fostar da kwalbar lemo, gwangwanin fenti na aljihuna yana danna mini cinya. Ƙanen Callistus bai matsa daga kanta ba. Na ce masa gefenta ya ɗan ɗago, bari in gyara. Ya ce yayansa ya ce kada kowa ya taɓa, ko ni.

Da na yi kunnen uwar shegu da shi na hau kujera na shafe, me zai yi mini? Faɗa ne kawai. Amma na zauna kamar tunkiya, na shanye lemon na tashi.

Talata, 10 ga Maris, da hantsi

Ban yi rabin awa a shago ba Malam ya ce in tattara in tafi gida. Na ce akwai allon mai kemis da ba mu gama ba. Ya ce, "Ishaku, tafi wajen iyalinka. Kada ka bi ta bakin kasuwa, bi ta bayan makaranta." Ya cire hularsa ya ɗora mini a kai don kada a gane ni Kirista ne, ya rako ni har ƙarshen layi yana ta yi mini hirar fenti da ƙarfi, yana gaisawa da mutane, hannunsa a kafaɗata.

A nan ma zan iya faɗa masa. Na ce, "Malam," ya ce, "Tafi, sai an kwana biyu."

Laraba, 11 ga Maris, da rana

Hayaƙi ta wajen Kakuri, da wani ta wajen gari.

Alhamis, 12 ga Maris, da yamma

An sa dokar hana fita. Motocin soja suna wucewa a babban titi. Celina ta haɗa kaya a buhu ta ajiye bayan ƙofa, yara suna kwance ƙarƙashin gado da rana tsaka, suna zaton wasa ne. Maƙwabcinmu ya ce mashayu da otel-otel aka fi bi. Ya lissafa wasu, bai ambaci ta ƙanen Callistus ba, ni kuma ban tambaya ba.

Na kama kaina ina roƙon Allah ya sa fostar ta ƙone ƙurmus. Aikin da ya fi kowane kyau a rayuwar Malam, ni ke addu'a wuta ta ci.

Celina ta ce, "Baban Edith, kowa tsoron ransa yake ji, kai kuma kamar wani abu daban ke cin ka." Na ce zafi ne. Ta kalli hular Malam da na rataya a ƙusa.

Juma'a, 13 ga Maris, da safe

Rubutun ƙanana ne. A cikin wannan hargitsi wa zai tsaya ya duba gefen zani.

Asabar, 14 ga Maris, da rana

Callistus ya zo da ƙafa, ya ɗaure goshi da tsumma. Ya zauna a kan turmi ya sha ruwa kofi biyu kafin ya yi magana. Ƙanensa yana raye, sun tsallake ta katangar baya. Kwalabe, kujeru, firji, ba abin da ya rage.

Na ce, "Fostar fa?" Celina ta juyo ta kalle ni kamar na zagi mutumin.

Ya ce yana leƙe ta ramin katanga. Samarin da suka afka wa mashayar sun fizgo ta daga bango, ta yage biyu, za su jefa cikin wuta. Sai wani ya ce a tsaya. Ya kai ta kusa da fuskarsa ya karanta wani abu da ƙarfi, ya sake karantawa. Suka naɗe ta suka tafi da ita.

"Oga Ishaku, me aka rubuta a jikin kayana?"

Na gaya masa. Na zaci zai tashi da faɗa. Sai ya dafe tsumman goshinsa ya ce, "Ladan? Ka rubuta ladan a gindin mace mai rawa, a gidan giya?" Na ce ba ni na kai ta gidan giya ba. Ya ce, "Ni ma ba ni na rubuta ba." Daga nan ya tashi ya tafi.

Lahadi, 15 ga Maris, da safe

Ba mu je sujada a coci ba. Ba zan rubuta dalili ba. Mun yi addu'a a ɗaki, Celina ta sa sunan Malam a ciki. Tun jiya ba ta yi mini magana ba sai ta abinci.

Talata, 17 ga Maris, da hantsi

Na sa hular Malam a aljihu na kama hanyar Tudun Wada. Na kai shingen sojoji, suka duba ni suka ce in wuce. Ba wanda ya hana ni. Na tsaya a tsallaken titi na ɗan jima, na juyo gida. Na ce wa Celina sojoji ne suka mayar da ni.

Tsoro nake ji, kuma ba na samarin ba ne. Tsoron ya ce mini "To, Ishaku" nake yi.

Laraba, 18 ga Maris, da yamma

Da ya bar ni na sa sunan a fili tun farko, da mun zauna mun yi shawara inda za a sa. Taurin kansa ma da laifi. Wa ya ce ya zama ladan kuma mai zane? Haka na yi ta faɗa wa kaina yau, kuma ko ni ban yarda ba.

Alhamis, 19 ga Maris, bayan azahar

Na je. Na isa layin daidai ana kiran azahar, na tsaya cak bakin rariya. Ba muryar Malam ba ce. Wata siririyar murya ce ta saurayi, mai sauri. Malam yana jan kiran a hankali har sai mai wanki ya ɗauraye hannu ya tashi. Na ce ko mura yake yi.

Shagon a rufe da kwaɗo. Allon mai kemis yana jingine a waje, rabinsa ba rubutu. Bello tela, maƙwabcin shagon, ya hango ni, ya yafito ni ciki da sauri ya saki labulensa.

Ya ce ranar Juma'ar da ta wuce, bayan an sauko, samarin suka shimfiɗa fostar a ƙofar masallaci, gaban liman da dattawa da kowa. Suka faɗi inda suka samo ta. Wani ya sa yatsa a gefen zanin ya karanta.

"Malam bai ce komai ba?"

"Ya duƙa ya duba, ya daɗe yana dubawa. Sai wani ya ce ai wannan aikin abokin aikinsa ne, don a wulaƙanta masallaci ya yi, kuma sun san unguwar da kake. Wallahi Ishaku, har sun fara juyawa." Bello ya sauke murya. "Sai Malam ya miƙe ya ce, sunana ne, ni na sa da hannuna. Yaron nan sitaci kawai yake damawa, ko burushi bai iya riƙewa ba."

Na ce, "Ya ce shi ya sa?"

"Sau biyu ya faɗa. Liman ya yi ta ba shi hanya, ya ce Malam Tanko ko dai an yi ba da saninka ba? Ya ce da sanina. To liman ya rasa yadda zai yi. La'asar ɗin ranar wani ne ya kira."

Ya ce Malam ya roƙi a ba shi fostar, wai kayan mutane ce, amana ce. Suka jefa masa. Ya kulle kansa a ƙuryar shago kwana da kwanaki, ba ya fita sai salla, a sahun baya. Shekaranjiya ya kwashe iyalinsa suka tafi garinsu. Shekaranjiya, ranar da na tsaya a tsallaken titi na juya.

Bello ya jawo wani naɗi daga ƙarƙashin kekensa, an ɗaure da tsumman akoko. "Ya ce in ka zo in ba ka, ka mayar wa mai ita."

Na ce, "Bai bar mini wata magana ba?"

"Ya ce ka gama allon mai kemis, mutumin ya gaji da jira."

Na fito ana sallame salla. Dattawan da na saba gaisawa da su suka amsa mini da kyau, har wani ya ce sannu da wahala. Da sun zage ni ya fi mini sauƙi.

Juma'a, 20 ga Maris, da safe

Na buɗe ta a tsakar gida, a kan tabarma. Callistus ya ce ta yage biyu. Na nemi yagar na rasa. Na karkata ta ga rana yadda Malam ya koya mini, na bi da yatsa daga sama har ƙasa, sai da na juya bayan akokon na ga inda ya haɗa.

Sai na duba gefen zanin. An rubuta GYARAN ISHAKU, da hannuna, da fentina. Inda sunansa yake, da sunan unguwar, furanni ne, irin na gefensu sak, har da ɗan dusashewar tsufa. Fentin mai ba ya wankuwa, dole yanke wurin ya yi ya dasa wata takarda, ya zana a kai. Na san haka aka yi. Na kai fuskata har hancina yana taɓa takardar, ban ga bakin yankan ba.

Ban san ko fushi ne ba, ko kuwa abin da na daɗe ina naci a kai ne ya ba ni. Na zauna gaban abin na yi kuka, yara suna kallona.

Asabar, 21 ga Maris, da yamma

Mista Wilson ya dawo da wuri. Callistus ya kai ni wurinsa a Kudenda don in yi bayani da bakina, ban tafi da fostar ba. Na ba shi labari sama-sama. Ya saurara, sannan ya ce a ƙasarsu ma masu wannan sana'a ba su gama musu a kai ba. Wasu ba sa sa komai. Wasu suna rubutawa a baya, a jikin ƙyallen, da fensir, ƙanana, su faɗi abin da suka taɓa da sunansu, yadda mai so zai iya gogewa. Ya ce shi ya fi son haka, kuma ko kaɗan ba ya rage wa fosta daraja a wurinsa. Callistus ya yi tsuru-tsuru.

A baya, da fensir. Ko sau ɗaya bai zo mini a rai ba. Ni gefen atamfa kawai na sani.

Ya tambaye ni sunan wanda ya gyara fuskar, don ya rubuta. Na buɗe baki, sai na ce ban nemi izininsa ba. Ya ce to in nema. Na ce ya yi tafiya.

Lahadi, 22 ga Maris, da rana

An yi sujada a ƙarƙashin bishiya. Yayar Celina ta aiko, suna lafiya. Na tambayi Bello sunan garin Malam, ya ce zai bincika mini, amma yadda ya faɗa na gane an ce kada ya faɗa.

Litinin, 23 ga Maris, bayan la'asar

Na gama allon mai kemis da safe, na kai masa. Da na dawo gida na shimfiɗa fostar. Ba zan bari ta tsallaka teku tana cewa ni na yi wannan fuskar ba.

Na yi yadda na ga Malam yana yi. Na yanke sunana da reza, na dasa takarda, na jiƙa ta da ruwan shayi don ta tsufa. Na dama launi a fasasshen faranti, na gwada a farce, na zana furannin ɗaya bayan ɗaya, na riƙe numfashi. Ban taɓa yin aiki da natsuwa irin ta yau ba. Da ya bushe na jingina ta da bango na ja da baya.

Celina ta shigo da bokitin ruwa a kai. Tun daga bakin ƙofa ta tsaya ta ce, "Me ya sami gefen zanin nan? Kamar an yi faci."

Na ce, "Ana gani?"

Ta ce, "Daga nan ma ina gani."

Duk faɗin takardar nan, da yagar, da rabin fuskar, da inda sunansa yake, wuri ɗaya ne ido ke kamawa, kuma nawa ne. Gobe Callistus zai zo ya ɗauka. Hular Malam tana nan a ƙusa.